Kuɗin Notis Bayan Sallama Saboda Gazawa a Aiki: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda ma'aikata suka fi maimaitawa bayan an miƙa musu takardar sallama aka ce aikinsu bai gamsar ba. Dokar ƙwadago ta kowace ƙasa daban take, saboda haka an kawo misalai daga ƙasashe da dama, kuma wajibi ne mai karatu ya koma ga dokar ƙasar da yake aiki da kuma takardar ɗaukarsa aiki kafin ya ɗauki mataki.

1. Mene ne notis, kuma mene ne kuɗin notis?

Notis shi ne wa'adin da mai ɗaukar aiki yake ba ma'aikaci tsakanin ranar da ya sanar da shi cewa za a rabu da ranar da aikin zai ƙare a zahiri. A tsawon wannan wa'adi ma'aikaci yana nan a matsayinsa, yana zuwa aiki, ana biyansa albashi kamar yadda aka saba. Hikimar abin ita ce kada a katse wa mutum hanyar abincinsa dare ɗaya ba tare da ya sami sararin neman wata ba.

Kuɗin notis kuwa shi ne albashin wannan wa'adi da ake biya a dunƙule idan mai ɗaukar aiki ba ya son ma'aikacin ya ci gaba da zuwa. Wato kamfani yana da zaɓi biyu, ko ya ba da lokaci ko ya ba da kuɗin lokacin. Abin da ba shi da ikon yi a yawancin ƙasashe shi ne ya hana duka biyun, sai fa a yanayin da aka yi bayani a tambaya ta 3.

2. An sallame ni an ce ba na taɓuka abin kirki. Ina da haƙƙin kuɗin notis duk da haka?

A mafi yawan ƙasashe, e, kana da shi. Gazawa ba laifi ba ce. Wanda ya yi bakin ƙoƙarinsa ya kasa cimma abin da aka gindaya masa, ko yake da nawa, ko kurakurai suka yi masa yawa saboda ƙarancin ƙwarewa, ana iya rabuwa da shi, amma rabuwa ce ta hanyar notis. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1982, ta ce a sashe na 11 ma'aikacin da za a sallama yana da haƙƙin wa'adi mai ma'ana ko diyya a madadinsa, sai idan ya aikata babban laifin da ba zai yiwu a ce mai ɗaukar aiki ya ci gaba da riƙe shi ko da na tsawon wa'adin ba. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar ba, amma dokokin ƙasashe da yawa a kan wannan turba suke.

Amurka ce fitacciyar ƙasar da ta sha bamban. A kusan duk jihohinta, in ban da Montana, mai ɗaukar aiki yana iya sallamar ma'aikaci a kowane lokaci ba tare da notis ba, muddin dalilin bai saɓa wa doka ba, kamar nuna wariya. Dokar tarayya ta 1988 da ta wajabta sanarwar kwana 60 ta shafi rufe masana'anta ne da sallamar jama'a da yawa lokaci guda a kamfanonin da ke da ma'aikata 100 ko fiye, ba ta shafi mutum ɗaya da aka sallama saboda gazawa ba. A can, abin da yarjejeniyar aiki ko ta ƙungiyar ƙwadago ta tanada shi ne madogara.

3. To ina gazawa ta tsaya, ina babban laifi ya fara?

A nan gizo ke saƙar, domin yawancin rigingimun kuɗin notis a kan wannan iyaka ake yin su. Babban laifi shi ne aikin da ya rusa amana tun daga tushe: sata, zamba, ƙirƙirar takardun bogi, dukan abokin aiki, zuwa aiki a buge a inda rayuka ke hannun mutum, ko bijire wa halaltaccen umarni da gangan. Wanda aka tabbatar masa da irin wannan ana iya korarsa nan take, ba notis ba kuɗinsa. Gazawa kuwa tana amsa tambayar "zai iya?", yayin da laifi yake amsa tambayar "ya ƙi ne, ko ya ci amana?"

Ga misali kusa. Akawu biyu suna aiki a ofis ɗaya. Na farko kowane ƙarshen wata sai an dawo masa da lissafinsa cike da jan biro, ya kwana yana gyara, wata mai zuwa a sake samun irin kuskuren a wani layi. Na biyu lissafinsa tsaf yake fita, amma an gano ya sauya adadi a rasit uku ya zuba bambancin a aljihu. Na farko ya gaza, kuma idan an sallame shi kuɗin notis ɗinsa na nan. Na biyu ya ci amana. Dokar Faransa ta bambance su a fili: rashin ƙwarewa a aiki dalili ne na sallama amma ba a lissafa shi cikin laifi, don haka notis bai faɗi ba, sai wanda aka samu da babban laifi ne yake rasa shi.

Akwai tsaka-tsaki da ya kamata a yi hattara da shi. Sakaci mai muni da ya jawo babbar asara ko ya jefa rayuka cikin haɗari, da kuma ƙin gyarawa da gangan bayan gargaɗi, suna iya tsallakawa zuwa ɓangaren laifi. Dokar ƙwadago ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta 2021, alal misali, ta yarda a kori ma'aikaci ba notis idan ya ci gaba da ƙin sauke muhimman nauyin da ke kansa bayan an yi bincike a rubuce kuma an gargaɗe shi sau biyu. Wasu masu ɗaukar aiki kuma sukan ɗaura wa ma'aikaci jakar tsaba, su kira gazawa da sunan "rashin ɗa'a" a takardar sallama don kawai su tsira da kuɗin. Sunan da aka rubuta ba shi ne ke yanke hukunci ba. Kotu tana duba abin da ya faru ne da hujjojin da aka gabatar.

4. Kwana nawa ne notis ɗin?

Yawanci yana ƙaruwa ne da daɗewar mutum a wurin aiki. A Birtaniya, dokar 1996 ta ba da mako ɗaya ga wanda ya yi wata ɗaya zuwa ƙasa da shekara 2, daga nan sai mako ɗaya kan kowace cikakkiyar shekara, har zuwa mako 12. A Afirka ta Kudu, dokar 1997 ta sa mako ɗaya ga wanda bai wuce wata 6 ba, mako 2 ga wanda ya wuce wata 6 bai kai shekara ba, mako 4 ga wanda ya cika shekara. A Najeriya, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sai wata ɗaya daga shekara 5 zuwa sama, kuma duk notis ɗin da ya kai mako ɗaya dole ne ya kasance a rubuce.

Jamus ta fi waɗannan tsawaitawa: ana farawa da mako 4, yana ƙaruwa mataki-mataki har ya kai wata 7 ga wanda ya shekara 20. Ostareliya ta sa daga mako ɗaya zuwa 4, sannan ta ƙara mako guda ga wanda ya haura shekara 45 da haihuwa kuma ya yi aƙalla shekara 2 a wurin, bisa la'akari da cewa samun sabon aiki ya fi yi wa mai manyan shekaru wuya. Duk waɗannan adadi su ne mafi ƙaranci. A duba tambaya ta 5.

5. Takardar ɗaukata aiki ta ce wata 3, doka ta ce mako 2. Wanne za a bi?

Wata 3 za a bi. Doka tana shimfiɗa mafi ƙarancin abin da za a ba ma'aikaci ne, yarjejeniya kuma tana iya ɗarawa amma ba ta iya ragewa. Da a ce takardar ce ta rubuta kwana 3 alhali doka ta ce mako 2, da doka za a bi. A lura kuma cewa a wasu ƙasashe dokar ba ta game kowa ba: Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta shafi masu aikin ƙarfi ne da ƙananan ma'aikatan ofis, ta bar manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru ga abin da yarjejeniyarsu ta ƙunsa. Ga irin waɗannan, takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata su ne komai, kuma idan sun yi shiru kotu takan ƙaddara wa'adin da ya dace da matsayi da daɗewar mutum.

6. An ce in tattara kayana in tafi yau. Wannan ya halatta?

Yana iya halatta, da sharaɗin a biya kuɗin wa'adin. Abin yakan zo ne kamar haka: a kira mutum ofishin kula da ma'aikata dab da tashi, a miƙa masa ambulan, a karɓi katin shaida da makullin durowa, kafin ya koma kan teburinsa an rufe masa imel ɗin aiki. Cikin wannan ruɗu mutane da yawa ba sa karanta sakin layi na biyu na takardar, alhali a nan ne ake rubuta ranar da aikin ya ƙare da kuma ko za a biya albashi a madadin notis. Idan takardar ba ta ambaci notis ba sam, kuma ba ta zarge ka da babban laifi ba, to ka tambaya a rubuce tun a makon.

Lokacin biya ma yana da muhimmanci. Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a 1993 cewa wanda ya zaɓi biyan albashi a madadin notis dole ne ya biya a lokacin sallamar, bai isa ya rubuta alkawarin zai biya nan gaba ba. Akwai kuma wata hanya ta uku da wasu kamfanoni ke bi, su ce ka zauna a gida har wa'adin ya cika suna biyanka wata-wata. A wannan yanayi kai ma'aikacinsu ne har yanzu, don haka ba ka da ikon kama aiki a wani wuri ba tare da izininsu ba.

7. Yaya ake lissafin kuɗin? Alawus-alawus suna ciki?

Asalin ƙa'idar ita ce a mayar da ma'aikaci matsayin da zai kasance da ya yi aikin wa'adin. Wanda ke da notis na wata ɗaya aka sallame shi nan take, albashin wata ɗaya za a ba shi, ban da albashin kwanakin da ya riga ya yi a watan da ake ciki. Idan an bar shi ya yi kwana 10 daga cikin 30, sauran kwana 20 za a biya.

Game da alawus, ƙasashe sun rabu. Dokar Najeriya ta ce a lissafa abin da ma'aikaci ke karɓa na kuɗi kawai, ban da na ƙarin lokaci da sauran alawus. Ta Afirka ta Kudu ta ce a biya abin da da ma'aikacin zai samu a tsawon wa'adin. Sau da yawa jimla ɗaya a cikin yarjejeniya ce take raba gardama, ko ta ce "tsagwaron albashi" ko ta ce "cikakken albashi", kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce ga wanda kuɗin gida da na sufuri suka fi rabin abin da yake ɗauka. Haraji kuma yakan hau kan kuɗin notis. A Birtaniya tun daga Afrilun 2018 ana cire masa haraji kamar albashi.

8. Ba a taɓa yi mini gargaɗi ba. Biyan kuɗin notis ya wanke su?

Waɗannan batutuwa biyu ne daban, kuma haɗa su wuri ɗaya yana sa mutane su yi asarar ɗaya daga ciki. Kuɗin notis yana biyan rashin wa'adi ne. Ko sallamar kanta an yi ta bisa adalci, wannan wata tambaya ce. Shawara mai lamba 166 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta zo tare da yarjejeniyar 1982, ta ce bai kamata a sallami ma'aikaci saboda gazawa ba sai an ba shi umarnin da ya dace, an gargaɗe shi a rubuce, an ba shi lokaci mai ma'ana ya gyara, sannan ya ci gaba da gazawa. Yarjejeniyar kanta a sashe na 7 ta ce a ba shi damar kare kansa. Dokar Kenya ta 2007 ta wajabta a bayyana wa ma'aikaci dalilin a harshen da yake fahimta, a gaban abokin aiki ko wakilin ƙungiyar da ya zaɓa, a kuma saurare shi kafin a yanke hukunci.

Saboda haka a ƙasashen da ke da dokar hana sallama ba bisa adalci ba, mutum yana iya karɓar kuɗin notis ɗinsa cif, kuma ya kai ƙara a kan yadda aka sallame shi. Abin da zai toshe masa wannan ƙofa shi ne sa hannu a kan takardar yafe haƙƙi, wadda aka yi magana a kanta a tambaya ta 10.

9. Ina cikin lokacin gwaji aka sallame ni. Ni ma ina da wani abu?

Sau da yawa akwai, amma gajere. Jamus ta sa mako 2 a lokacin gwajin da bai wuce wata 6 ba, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sa kwana 14 a rubuce, a Birtaniya kuma da zarar mutum ya cika wata ɗaya yana da mako guda ko ana kiransa ɗan gwaji ko ba a kira. Wanda lokacin gwajinsa ya wuce da daɗewa ba a ba shi takardar tabbatarwa ba, ana kuma ci gaba da biyansa, yana da hujjar cewa an tabbatar da shi a aikace, kuma cikakken notis ya kamace shi.

10. An ce gara in rubuta takardar ajiye aiki da kaina don kada sunana ya ɓaci. In yarda?

Kada ka rubuta ta a wurin. Wanda ya ajiye aiki da kansa shi ne ke da nauyin ba da notis, har ma kamfani yana iya neman ya biya idan ya tafi nan take, kuma a wasu ƙasashe yakan rasa tallafin marasa aiki na wani lokaci. Shawarar tana iya zama da kyakkyawar niyya, domin gaskiya ne takardar ajiye aiki ta fi ta sallama daɗin nunawa a wurin neman wani aikin. Amma idan da gaske alheri ake nufi, ba abin da zai hana a rubuta cewa za a biya kuɗin notis da sauran haƙƙoƙi, a kuma faɗi irin shaidar da za a bayar idan wani kamfani ya tambaya.

Haka batun takardar da ke cewa ka karɓi "cikakken haƙƙinka na ƙarshe" kuma ba ka da sauran ƙorafi. Sa hannu don nuna ka karɓi takardar sallama ba matsala ba ne, kana ma iya rubuta kusa da sa hannun cewa shaidar karɓa ce kawai, da kwanan wata. Yafe haƙƙi kuwa sai bayan ka tafi da takardar gida, ka yi lissafi, ka nuna wa wakilin ƙungiya ko lauya.

11. Kuɗin notis shi ne kuɗin sallama?

A'a. Kuɗin sallama ko garatuti lada ne na shekarun da aka yi, kuma samunsa bayan sallama saboda gazawa ya danganta da ƙasa. A Afirka ta Kudu da Birtaniya doka ta tanade shi ne ga wanda aka rage saboda aikin ya ragu ko an sauya tsari, ba ga wanda ya gaza ba. A Faransa kuwa wanda aka sallama saboda rashin ƙwarewa yana samu idan ya cika wata 8, a kan kashi ɗaya bisa huɗu na albashin wata kan kowace shekara a shekaru 10 na farko. Albashin da ya rage, kuɗin hutun shekara da ba a ci ba, da abin da aka tara na fansho, su ma kowanne layinsa daban a takardar lissafin ƙarshe, kuma bai kamata a dunƙule su a kira su kuɗin notis ba.

12. Za su iya cire bashi ko asarar da suka ce na jawo daga ciki?

Rancen da aka rubuta, ko albashin da aka ba ka kafin lokaci, galibi ana iya cirewa idan yarjejeniya ta tanada. Asarar da aka jingina ga gazawarka kuwa ba abu ne da mai ɗaukar aiki zai ƙiyasta shi kaɗai ya zaftare ba. Yarjejeniya mai lamba 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949, a kan kare albashi ta ce ba a cire komai sai bisa sharuɗɗa da iyakokin da doka ko yarjejeniyar ƙungiya ta shata. Ka mayar da kwamfuta, waya da makullan kamfani, ka karɓi shaidar mayarwa a rubuce, domin rashin wannan ɗan guntun takarda shi ne uzurin da aka fi fakewa da shi wajen riƙe kuɗi.

13. Ina cikin wa'adin notis. Zan iya fita neman aiki, kuma idan na samu zan iya tafiya?

Shawara ta 166 ta ce a ba ma'aikaci lokacin neman aiki ba tare da an rage masa albashi ba, kuma wasu ƙasashe sun mai da shi doka. A Saudiyya wanda aka ba notis yana da yini guda ko awa 8 a mako da albashinsa. Idan ka sami aiki kana son tafiya da wuri, ka nemi amincewa a rubuce, ka kuma sani cewa galibi albashin sauran kwanakin zai faɗi. Wanda ya daina zuwa haka kawai, ko ya huce haushinsa a kan kayan aiki ko bayanan kamfani, ya miƙa wa kamfani da hannunsa hujjar babban laifin da aka yi bayani a tambaya ta 3.

14. Sun ƙi biya. Ta ina zan fara?

Ka fara da tattara takardu: ta ɗaukar aiki, ta sallama, takardun albashi na watannin ƙarshe, duk wani gargaɗi da amsar da ka bayar, da sakamakon auna ƙwazo, musamman idan na baya-bayan nan sun yaba maka. Sannan ka rubuta wasiƙa gajera ba zagi ba barazana, ka faɗi ranar da ka fara aiki, ranar sallama, sashen doka ko na yarjejeniya da ka dogara da shi, adadin da kake bi, da ranar da kake so a biya. Ka ajiye kwafi da shaidar an karɓa.

Idan ba a amsa ba, sai ƙungiyar ƙwadago idan kana ciki, ko ofishin jami'an ƙwadago na gwamnati, waɗanda sukan kira ɓangarorin biyu sulhu, daga nan sai kotun ma'aikata. A yi hattara da wa'adin shigar da ƙara, domin na ƙalubalantar sallama gajere ne ƙwarai: kwana 21 a Ostareliya, mako 3 a Jamus, kwana 30 a Afirka ta Kudu. Na neman kuɗi zalla yakan fi haka tsawo, amma wanda yake son haɗa ƙorafin tambaya ta 8 da na kuɗin notis, da gajeren wa'adin zai yi aiki, kuma alkawarin baki na "ka ƙara haƙuri, muna dubawa" ba ya tsayar da ƙirgen kwanakin.